Kwanan watan da ba ya goguwa: yadda wata masana'antar lemo a Sharaɗa ta koma buga lamba da leza

Masana'antar da kayanta

Masana'antar tana rukunin masana'antu na Sharaɗa a birnin Kano. Matsakaiciya ce, ta wani ɗan kasuwa da 'ya'yansa. Kaya iri uku take fitarwa: lemon roba a gora mai garai-garai ta robar PET, yogot a farar gora ta robar HDPE wadda ake sa wa rigar leda a ƙanƙame ta da zafi, sai yogot na ƙaramar leda da yara ke saye a ƙofar makaranta. Wa'adin lemon wata shida ne. Na yogot 'yan makonni ne, shi ma in yana cikin sanyi. Yawancin kayan ta Kasuwar Singa suke fita, inda diloli ke ɗauka su raba zuwa Jigawa da Katsina da Bauci, wasu kuma su ƙetara Nijar: Maraɗi ta Jibiya, Damagaram ta Daura.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ta wajabta wa duk mai sarrafa abin ci ko abin sha ya nuna wasu abubuwa a jikin kayansa: sunansa da adireshinsa, lambar rajista, lambar rukuni (wato lambar da ke bambanta kayan da aka sarrafa a zubi ɗaya), ranar da aka yi kayan, da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Suna da adireshi da lambar rajista tun daga wurin mai buga lebul suke zuwa, ba sa canzawa. Sauran ukun kullum sababbi ne, don haka a kan layi ake buga su, gora tana tafiya a kan bel.

Shekara da shekaru injin feshin tawada ne ke wannan aiki. Yana harba tawada ta wani ɗan rami ba tsayawa, tawadar ta tsinke ɗigo-ɗigo, a sa wa ɗigon da ake buƙata cajin lantarki ya karkata ya faɗa kan gora, sauran su koma tanki. Abu biyu yake sha: tawada, da sinadarin da ke tsarma ta. Duka biyun daga waje ake shigo da su.

Hunturun 2022 zuwa daminar 2023: tawada ta fara ba da wahala

A hunturun ƙarshen 2022 ne matsalar ta fito fili. Ƙofar ɗakin sarrafa kaya a buɗe take yini saboda motocin da ke lodi, ƙura kuwa ta samu hanya. Faɗin ramin da tawada ke fita bai wuce maikiromita 60 zuwa 70 ba (maikiromita dubu ne milimita ɗaya), don haka ƙwayar ƙura ko ɓarɓashin busasshiyar tawada ya isa ya karkatar da feshin. Da safe sai a tarar saman lambobin ya yanke, 8 ta zama kamar 3, ko layin ƙasa ya ɓace gaba ɗaya. Sai a tsayar da bel, a wanke kan injin, a ware gororin da suka wuce, a goge su da tina, wato sinadarin tsarma fenti, a maido su kan layi a sake bugawa. Wannan gogewa da sake bugawa ta zama al'ada a masana'antar har ba wanda yake ƙirga ta a cikin asara.

Da bazara ta shigo sai wahalar ta canza kama. Sinadarin da ke cikin irin wannan tawada, MEK, saurin tashi gare shi, kuma shi ya sa rubutun ke bushewa cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. A zafin Afrilu na Kano, ƙarƙashin rufin kwano, yana tashi tun yana cikin injin. Injin yana auna kaurin tawadar da kansa, in ta yi kauri ya ƙara sinadari, saboda haka kwalbar da ke kai mako biyu lokacin sanyi ba ta kai kwana goma.

Akwai kuma ruwa. Yogot da sanyinsa ake ɗurawa, gorar ta yi gumi kafin ta iso gaban injin, tawada ta sauka a kan danshi maimakon roba. Lemon kuma a bushe yake barin masana'anta, amma a kasuwa mai talla zai zuba shi a kula da ƙanƙara, gorori su yini suna gugar juna a cikin ruwa. Kafin la'asar kwanan watan ya koma baƙin tabo.

A watan Yunin 2023 aka saki naira. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 750 cikin 'yan makonni, bayan an riga an janye tallafin man fetur a ƙarshen Mayu. Kuɗin tawada da sinadari ya bi dala. Har zuwa nan dai mai masana'antar yana kallon abin a matsayin tsadar aiki, irin wadda kowa ke kuka da ita a Sharaɗa da Bompai da Chalawa.

Agusta zuwa Nuwamba 2023: kayan da suka dawo da sabon kwanan wata

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, an rufe iyakar Najeriya da Nijar a farkon Agusta, ba a kuma buɗe ta ba sai Maris 2024. Lemon da aka riga aka saya don kai wa Maraɗi da Damagaram ya maƙale a sito-sito na garuruwan kan iyaka. Wani lemon ya riga ya cinye wata biyu ko uku daga wa'adinsa kafin rufewar.

A watan Nuwamba wani mai shago daga wani gari a arewacin Jigawa ya maido katan-katan na lemon, ya ce masu saye suna ƙorafin kalarsa ta dusashe, ɗanɗanonsa ya juya. A jikin gororin kuwa, saura wata huɗu wa'adi ya ƙare. Mai kula da inganci ta ɗauko littafin rukuni ta duba, ba ta sami lambar ba. A ranar da aka rubuta an yi kayan, layin lemo bai ma yi aiki ba. Da aka karkata gorar ga hasken taga sai aka ga wurin da aka goge ya ɗan yi hazo, siffar lambobin kuma ta fi ta injin masana'antar kauri.

Aikin canza kwanan watan ba shi da wuya. Auduga da tina, ko ruwan goge jan farce, sai ƙaramin injin buga lamba na hannu mai batir, wanda ake samu a kasuwa. Mutum biyu za su gama da katan da yawa a dare ɗaya. Ba a gano wanda ya yi ba, domin kayan sun bi hannu uku ko huɗu kafin su kai shagon. Masana'antar ta karɓi kayan ta zubar, ta biya mai shagon. Abin da ya fi damun mai ita shi ne sunansa ne a jikin gorar, kuma da wani ya sha ya kwanta, wurinsa za a zo, ba shi da wata hujja sai littafin da shi ya rubuta da hannunsa.

Abin da aka gwada kafin a taɓa batun leza

An fara da neman sauƙi. Aka sayo tawada mai araha wadda ba ta kamfanin injin ba. Ta yi 'yan makonni lafiya, daga nan ta fara daskarewa a cikin bututu, sai da aka canza mataci da famfo. Abin da aka rage a tawada ya tafi a gyara.

Sai aka koma ga tawada ta musamman mai kama danshi, aka kuma kafa bututun iska mai ƙarfi da ke busar da gora kafin ta iso kan injin. Wannan ya yi amfani sosai a layin yogot, kuma har yau yana nan. A kula ma rubutun ya fi daɗewa. Amma da aka gwada shi da tina sai ya fita kamar na da.

An gwada buga lamba wuri biyu, a murfi da kafaɗar gora. Mai gogewa ya goge biyun. An gwada sitika mai ƙyalli da ake liƙawa da hannu, ta ci ma'aikata, ta rage gudun layi, kuma ruwan ƙanƙara yana ɗaye ta. An saka wani harafi na sirri a cikin lambar rukuni wanda ke canzawa kowane mako. Wannan ya taimaka wa masana'antar ta gane jabun kwanan wata in kaya sun dawo, amma mai saye a tasha bai san da shi ba.

Janairu 2024: injin farko

Babban ɗan mai masana'antar ne ya kawo shawarar leza. Injin ba ya ɗora komai a kan gora. Haske ne mai ƙarfi ake tattarawa a ɗigo ɗaya, kamar yadda yara ke tara hasken rana da gilashi su ƙona takarda, sai wasu ƙananan madubai biyu masu juyawa da sauri su riƙa jan ɗigon yana zana lambobi. A kan katan ko lebul mai launi, hasken yana ƙone fentin sama, farin ƙasa ya bayyana. A kan roba yana narkar da fuskarta ko ya canza mata kala. Tunda rubutun a jikin kayan yake, tina ba ta da abin da za ta ɗauke.

Leza iri-iri ce, kuma bambancinsu yana ga tsawon zangon haskensu. Mai iskar CO2 ta fi yawa a masana'antun abin sha, zangonta na yau da kullum maikiromita 10.6. Ta faiba tana aiki a nanomita 1,064 (nanomita dubu ne maikiromita ɗaya), ta fi dacewa da ƙarfe da gwangwani. Ta UV tana nanomita 355, ba ta dogara da zafi sosai. Kowane irin kaya akwai zangon da yake sha da wanda yake bari ya wuce. Wannan bayani yana cikin takardun masu sayarwa, amma a lokacin ba wanda ya tsaya a kansa.

Ta hannun wani dillali a Legas aka sayo injin CO2 mai ƙarfin wat 30, zango 10.6, ƙirar ƙasar Sin. Shaidar da aka gani kafin biya bidiyo ne a waya, injin yana rubutu fes a kan katan mai launin ja. Ba a aika da gorar masana'antar ko ɗaya an gwada ba. Aka kafa shi a tsakiyar Janairu, hunturu na kan ganiyarsa, a buɗe a gefen bel, ba akwati ba murfi.

A kan katan ya yi yadda aka gani a bidiyo. A kan gorar lemo ya bar siririn zane marar kala, sai an karkata gorar ake ganinsa. Aka ƙara masa ƙarfi don ya fito, ya fito ɗin, amma bayan kwana biyu mai sito ya zo da rahoton katan-katan da suka jiƙe daga ciki. Saboda tsadar roba, masana'antar ta riga ta koma gora marar nauyi, bangonta siriri. A wuraren da layukan harafi suka haɗu, kamar tsakiyar 8 ko mahaɗar 4, hasken yana bi sau biyu, kuma a nan yake huda ɗan ramin da ido ba ya gani. Lemon yana tsattsafowa a hankali, iska tana shiga.

A farar gorar yogot abin ya fi muni. Robar HDPE ta narke ta bar kwari, fari a kan fari, ba mai iya karantawa. Sai wani ya ce a buga a kan rigar ledar, tunda tana da launi. Rubutun ya fito, amma cikin awa ɗaya ma'aikatan layin suka fara tari, ido na ruwa. Rigar ta robar PVC ce, kuma PVC in ta ƙone tana fitar da iskar haidurojin kulorayid, wadda ke zama asid in ta haɗu da danshi. Cikin mako guda ƙarafan da ke riƙe da injin suka yi jan tsatsa. Aka dakatar. Ƙaramar ledar yogot kuwa gwaji ɗaya aka yi, hasken ya fasa ta.

Ƙura ma ta yi nata. Gilashin da ke tattara hasken yana fuskantar bel, ƙurar hunturu da hayaƙin roba suna sauka a kansa, hasken ya gasa su su manne. Ƙarfin rubutu yana raguwa daga safe zuwa azahar. Wani ma'aikaci ya goge shi da gefen rigarsa, ya karce fuskar gilashin, sai da aka yi odar wani.

Daga Singa kuma ƙorafi ya zo. Wani babban dila ya kira mai masana'antar ya ce: "Alhaji, kayan nan fa ba kwanan wata a jiki. Yarana sun duba, ni ma na duba." Aka ce ya ɗaga gorar ya karkata ta ga haske. Ya ce: "Ranka ya daɗe, ni zan karkata. Mai shago a ƙauye ba zai karkata ba, maido mini zai yi."

Azumin 2024: zafi, wuta, da kuskuren dare ɗaya

An ɗauki azumi ranar 11 ga Maris 2024, kuma azumi a bazara shi ne kakar masu lemo. Layin ya koma aiki dare da rana. Irin waɗannan injuna an ƙera su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma iska ce ke sanyaya su. Da rana tsaka a Afrilu, kusa da injin hura gora, ɗakin yana wuce haka. Injin ya riƙa kashe kansa da azahar don kada bututun da ke samar da haskensa ya lalace, gorori su wuce ba lamba har sai wani ya lura.

Kowane ɗaukewar wuta da komawa janareto yana kashe kwamfutar injin, ta ɗauki lokaci kafin ta tashi. A wani dare cikin goman tsakiya, da ta tashi sai agogonta ya koma ranar da aka saita a kamfanin da ya ƙera ta, domin ɗan batirin agogon ya mutu. Injin ya lissafa wata shida daga waccan tsohuwar ranar, ya ci gaba da bugawa. Ba wanda ya ɗaga gora ya duba sai bayan sahur. Duk abin da aka ɗura a tsakani yana ɗauke da wa'adin da ya riga ya wuce.

Shugaban aikin daren ya sa a kawo tina da auduga kamar yadda aka saba, sai da aka goga a gorar farko kowa ya tuna cewa rubutun leza ba ya goguwa. Lemon lafiyayye ne, amma ba yadda za a fitar da shi, kuma juye shi a wata gora bayan an rufe ya saɓa wa ƙa'idar tsabta. Aka zubar. Washegari mai masana'antar ya sa aka maido da tsohon injin tawada kan layin lemo, ya ce wa ɗansa: "Ka rufe wannan abin da leda sai bayan Salla." A farkon Afrilun nan ne kuma aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wa wuta awoyi da yawa a rana, zuwa naira 225 kowane kilowat a awa, dala kuma ta riga ta taɓa naira 1,500 tun a Fabrairu. Ba wanda ke da sha'awar sake kashe kuɗi a kan injin.

Mayu zuwa Satumba 2024: gyara

Injiniyan lantarki na masana'antar, matashi ne, shi ya nemi a ba shi dama kafin a sayar da injin. Abu na farko da ya yi shi ne tattara gorori na gaske, cike da wofi, da lebul da katan, ya aika wa dillalin a gwada su a zango dabam-dabam a maido da su a gani da ido. Waɗanda aka buga a zango 9.3 sun bambanta sarai. Robar PET tana shan wannan zango a fuskarta, don haka hasken ba ya nutsewa ciki: yana barin rubutu fari mai ɗan kumfa, a sama-sama, da ƙarfi kaɗan. Dillalin ya yarda ya karɓi tushen hasken na 10.6 ya ba da na 9.3 a kan ƙarin kuɗi.

Aka matsar da rubutun daga tsakiyar gora zuwa kafaɗa, inda robar ta fi kauri. Aka zaɓi salon harafi da layukansa ba sa hawa kan juna. Aka ɗaura wa bel ɗin na'urar auna gudu, don in ya yi sauri ko ya lafa rubutun kada ya miƙe ko ya cure. Kafin a saki kaya, an riƙa kwantar da gorori daga kowane rukuni a kan farar takarda su kwana a matse, a ga ko za su yi tabo.

Ƙorafin Singa a wurin mai buga lebul aka warware shi. Gora zagayayyiya ce, ba a san ta wane gefe za ta fuskanci injin ba, saboda haka akwatin kwanan wata a wuri ɗaya ba zai yi ba. Aka sake zanen lebul ɗin da shuɗin zobe mai duhu wanda ya kewaye samansa gaba ɗaya. A wucewa ɗaya injin yana buga wa'adi a kan zoben, fari tas a kan shuɗi, ana hango shi daga nesa, ya kuma buga cikakken bayanin a kafaɗar gorar. Na lebul don mai saye ne, na kafaɗa don ranar da aka yi gardama.

Sauran aikin duk na kewaye ne, kuma maƙeran Kano ne suka yi yawancinsa. Aka ƙera akwatin alminiyam mai tagar roba mai kauri da ke tare irin wannan haske, da makunni a ƙofarsa da ke kashe injin in an buɗe. Wannan ba ado ba ne: hasken ba a ganinsa, kuma yana iya ƙona ido ko fata. Aka jawo busasshiyar iska tatacciya daga kwamfuresa tana hurawa a fuskar gilashin kullum, ƙura ba ta samun wurin sauka. Aka kafa injin zuƙe hayaƙi mai mataci biyu, na ƙura da na gawayi. Aka sa ƙaramin esi yana tura sanyi cikin akwatin. Aka haɗa injin da na'urar batir mai riƙe wuta ba yankewa, ta yadda komawa janareto ba ya taɓa shi, aka kuma canza batirin agogon.

Sai ƙa'ida ɗaya da aka rubuta aka manna a jikin akwatin: duk lokacin da aka kunna injin, ko aka canza aiki, ko wuta ta motsa, gorar farko sai mai kula da inganci da shugaban aiki sun karanta ta, sun sa hannu a littafi, an ajiye ta. Canza kwanan wata kuma sai da lambar sirri da mutum biyu kaɗai suka sani.

Yogot ba a mai da shi kan leza ba. Farar robar HDPE lezar UV take so, wadda ke taɓa farin sinadarin titaniyam da ke cikinta ya koma toka-toka mai duhu. An tambayi farashinta, aka ga ba ta kama ba. Aka bar gorar yogot da tawada da bututun busarwa, bisa hujjar cewa yogot ba ya zuwa nesa, kuma in ya wuce wa'adi shi ke tona kansa, ya kumbura ya yi tsami. Ƙaramar leda kuma aka sa mata injin da ke bugawa da ribon da zafi, a kan ledar tana busasshiya a miƙe, kafin a naɗe ta a ɗura.

Oktoba 2024 zuwa azumin 2025

A ƙarshen Oktoba 2024 yawancin jihohin Arewa suka yi kwanaki ba wutar gwamnati. Masana'antar ta yi aiki da janareto, ana kashe ɗaya a kunna ɗaya, agogon injin bai motsa ba. Hunturu ya zo ya wuce, gilashin da a bara ake gogewa sau da yawa a yini ya koma sau ɗaya a mako, da ruwan gogewa da takardarsa ta musamman, kuma injiniyan ne kaɗai ke taɓa shi. Azumin 2025, wanda aka fara ranar 1 ga Maris, layin lemo ya yi shi gaba ɗaya da leza. Ba a sami katan da ya jiƙe ba, ba a zubar da rukuni saboda kwanan wata ba.

Sau ɗaya kaya suka dawo da alamar an taɓa su. An liƙa siririyar shuɗiyar sitika a kan zoben lebul, an buga sabon wa'adi da farar tawada. Aikin ya yi kyau ƙwarai. Mai shagon da kansa ya gano, domin dilansa ya nuna masa duba kafaɗa, ya ga kwanan wata biyu ba su yi daidai ba.

Sayen tawada da sinadari ya ragu zuwa abin da layin yogot ke sha. A madadinsa an sami sababbin kuɗaɗe: matatan hayaƙi, batura, wutar esi, da wutar injin kansa, domin lezar CO2 wajen kashi ɗaya cikin goma na wutar da take ja ne ke zama haske, sauran zafi ne da sai an fitar da shi.

Me ya yi aiki, me kuma ya sa

Matsala biyu masana'antar take da su, ta ɗauke su ɗaya. Ta farko ita ce rubutu mai lalacewa da kansa saboda ƙura da danshi da gugar kula, kuma wannan an kusa magance ta da tawada mai kyau da bututun iska, a kuɗi kaɗan. Ta biyu ita ce rubutun da mutum ke gogewa da gangan. Wannan kaɗai ce ta wajabta leza, kuma a lemo kaɗai, tunda shi ke daɗewa a hanya yana canza hannu. Barin yogot da tawada, a ganina, shi ne hukunci mafi hankali a duk labarin, ko da yake rashin kuɗi ne ya fara kai su gare shi.

Asarar Janairu zuwa Afrilu 2024 kusan duk ta samo asali ne daga biyan kuɗi a kan bidiyo. Gorori goma a cikin katan zuwa Legas da sun nuna batun zango, da sun nuna HDPE ba za ta yi ba, wataƙila da wani ya tambayi irin robar rigar yogot kafin ma'aikata su shaƙi hayaƙinta. Dillalin bai yi ƙarya ba, injin yana rubutu a kan katan. Ba a tambaye shi abin da ya kamata ba, shi kuma bai ga dalilin tayar da maganar da za ta jinkirta ciniki ba.

Kuskuren daren azumi ya nuna wani abu da ba a lissafa ba: masana'antar da kanta ta dogara da goguwar tawada shekara da shekaru don rufe kurakuranta. Da aka toshe wa mai maguɗi hanya, an toshe wa ma'aikacin dare ma. Na'urar batir ta rage yiwuwar kuskuren, amma sa hannu a kan gorar farko ne ke kama shi in ya faru, kuma wannan bai ci ko kwabo ba.

Kuɗin akwati da iska da esi da batir ba ya cikin farashin da aka faɗa tun farko, alhali a Kano ba a raba shi da kuɗin injin. Wanda zai yi lissafin shekarun da leza za ta mai da kuɗinta daga abin da aka rage a tawada, ya sa waɗannan a ciki, ya kuma sa bututun hasken. Iskar da ke cikinsa tana rauni da shekaru, kuma dillalin ya ce in lokacin ya yi sai an fitar da shi waje a sake cika shi. Saboda haka masana'antar ba ta sayar da tsohon injin tawadar lemo ba. Yana sito, ana kunna shi lokaci-lokaci don kada tawada ta bushe a cikinsa.